Kwana biyu a kan babur daga Katsina zuwa Daura: ta ina za mu fara?

Matashi daga Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mu uku ne da babura biyu, duka Bajaj Boxer, ɗaya zai yi goyo. Muna son mu yi kwana biyu, mu fara da ganuwa da ƙofofin Katsina da Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, mu wuce Daura mu ga fada da rijiyar Kusugu, in hali ya yi mu ratsa ta Durɓi ta Kusheyi, inda kushewar tsoffin sarakuna take. Ta ina ya kamata a fara? Yaya ake neman izinin shiga fada? Mai nawa zai ishe mu, kuma me za mu duba a jikin babur kafin mu tashi? Allah ya saka da alheri.

Malamin tarihi, cikin birni

Wa alaikumus salam ɗana. Ranar farko kada ku fita daga Katsina. Mutane na raina birnin don a cikinsa suke kwana, sai su ce awa biyu ta isa, alhali ƙofofi kaɗai za su cinye muku safiya.

Ku tashi bayan asuba, kafin 'yan Keke Napep su cika titi. Tun da kana Ƙofar Ƙaura, wadda ke fuskantar hanyar Kano, daga nan za ku kama zagaye: Ƙofar Ƙwaya ta hanyar Dutsin-Ma, Ƙofar 'Yanɗaka ta hanyar Batsari, Ƙofar Guga ta hanyar Jibiya, Ƙofar Sauri ta hanyar Kaita, sai Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa a gabas. A Ƙofar 'Yanɗaka ku daɗe kaɗan, don ta nan Bature Lugga ya shigo da sojojinsa a 1903. Ku sani tun yanzu, ƙofofin da za ku gani an sake gina su da siminti, kuma ganuwar ta zube a mafi yawan wurare, wani wajen ma an yi gidaje a kanta. Abin takaici ne ƙwarai. Wanda yake son ganin ganuwa ta gaskiya sai ya ajiye babur a bakin ƙofa ya bi gefenta da ƙafa, ya lura da tudun jar ƙasa mai tsawo da kwarin da ke bayansa. Wannan kwarin shi ne ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, ya kuma zama shingen farko da mahayin doki zai ci karo da shi kafin ya iso bango. In kuka sami wurin da ruwan sama ya yanke ganuwar, ku duba cikinta da kyau, za ku ga yadda aka yi ta ɗora ƙasa hawa-hawa, zamani bayan zamani.

Da hantsi ku nufi Hasumiyar Gobarau. Tsawonta kusan mita 15 ne, ginin tubali da laka, kuma ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ta yi aikin hasumiyar kiran salla, ta kuma yi aikin wurin hangen abokan gaba. Matakalar ƙunci gare ta, ku hau ɗaya bayan ɗaya bayan mai kula da wurin ya ba ku izini, kuma kada kowa ya jingina da bakin bangon sama.

Gidan Korau kuwa, ɗana, gidan Sarki ne da iyalinsa, ba gidan kallo ba. Filin Ƙofar Soro da gaban fada kowa na iya tsayawa ya gani. Abin da ya wuce nan sai da izini. Hanyar da ta dace ita ce ku rubuta takarda zuwa ofishin Sakataren Majalisar Masarauta, kwana uku ko huɗu kafin ranar, ku faɗi yawanku da abin da ya kawo ku. A ranar ku ajiye babura nesa da ƙofa, ku kashe inji, ku cire hular kwano ku sa hula, ku gaida dogari ku nuna masa takardar. A zaure ana cire takalmi, kuma ba a ɗaga waya a yi hoto sai an tambaya. In aka haɗa ku da wanda zai zagaya da ku, ku tambaye shi labarin Gajere, takobin da aka ce da shi Korau ya kashe Sanau, sarkin Durɓawa na ƙarshe, ku kuma tambaye shi yadda gidan ya fita daga hannun Haɓe zuwa Fulani Dallazawa da zuwan Ummarun Dallaje, sannan ya koma ga Sulluɓawa da naɗin Muhammadu Dikko a 1906. Dikko ya yi sarauta har 1944, Usman Nagogo har 1981, Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman. Wanda ya riƙe wannan jerin a kai, duk abin da aka nuna masa zai san inda zai ajiye shi.

In rana ta yi sanyi ku ƙarasa tsohuwar Kwalejin Katsina da ke kusa da Ƙofar Sauri, wadda aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne, don haka ku sa ziyarar ta faɗo ranar aiki.

Bakaniken babur

Malam ya gama da tarihi, ni ga nawa. Katsina zuwa Daura ta Mashi kusan kilomita 80 ne, kwalta ce. In kun haɗa da zagayen gari da ratse, ku lissafa kilomita 250 zuwa da dawowa. Tankin Boxer lita 11 ne, lita ɗaya tana kai kilomita 40 ko sama da haka in kafireta na lafiya, mai goyo kuma zai fi shan mai. Ke nan tanki ɗaya ya isa, amma ku ƙara lita 3 ko 4 a gidan mai a Daura kafin ku juyo. Ku guji man kwalba na 'yan bumburutu. Sau da yawa akwai ruwa ko datti a ciki, ya toshe jet ɗin kafireta, babur ya riƙa shaƙewa in an ja wuta. In hakan ta faru, rufe makunnin mai, kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta, bar abin da ke ciki ya tsiyaye, ɗaure, buɗe mai, jira minti ɗaya ka tayar.

Kwana biyu kafin tafiya a yi waɗannan, ba a safiyar ranar ba, don in an yi kuskure a gyara ya bayyana kuna gida. A juye baƙin mai, kusan lita ɗaya, 20W-50. A wanke soson da ke tace iska da kananzir, a matse, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan, domin busasshen soso ba ya kama ƙurar hunturu, ita kuwa ƙurar in ta shiga tana cin ringi. A sa sabon filogi, tsohon a riƙe a aljihu. Sarƙa a bar mata wasa kamar faɗin yatsa biyu a tsakiya, kuma a gwada bayan mai goyo ya zauna da kayansa. Nan ne kuskuren da aka fi yi: a ɗaure ta tamau babur ba kowa, da nauyi ya hau sai ta ƙara ɗamewa, ta ci haƙoran sufoket ko ta tsinke. Murfin sarƙa kada a cire shi don ado, mai da yashi in sun haɗu kamar dutsen wasa wuƙa suke.

Iskar taya a ma'aunin psi: gaba 25, baya 28 ga mai tafiya shi kaɗai, 32 ga mai goyo, kuma a auna taya na sanyi. Ku riƙe tif biyu, na gaba da na baya, don girmansu ba ɗaya ba ne, lambar na rubuce a jikin taya. Sai kayan faci, famfon hannu, ƙarfen cire taya biyu, sifana mai lamba 10, 12, 14 da 17, abin kwance filogi, wayar kuloci ɗaya, da ƙwan fitila.

A kan hanya ku tsaya a gudun 60 zuwa 70. Injin nan iska ce ke sanyaya shi, in aka matsa masa da goyo a tsakar rana ƙarfinsa zai ragu, ka ji yana ƙara kamar ana kaɗa ƙusa a gwangwani. Ku huta minti goma a Mashi. Kada wanda ya watsa wa inji ruwa yana da zafi, kan silinda na iya tsagewa. Hular kwano kuma kowa da tasa, har mai goyo.

Matashi daga Ƙofar Ƙaura

Na gode Baba Malam, na gode Oga. To Durɓi ta Kusheyi fa, da tafiya za mu ratsa ko da dawowa?

Direban hanyar Mani

Da tafiya, ƙanena, da sassafe, lokacin yashi na da sanyi bai saki ba. Wurin yana ƙasar Mani, tazarar kilomita talatin da 'yan kai gabas da Katsina, kuma ƙarshen hanyar ba kwalta ba ce. Kada ku je kai tsaye. Ku fara gaida mai gari, ku ce kushewar sarakunan Durɓawa kuka zo gani, zai haɗa ku da wanda zai kai ku. Tuddai ne a cikin gonaki, baƙo zai iya wuce su bai sani ba. Bature Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake tonawa a 1992 tare da masana daga Jamus, aka sami kayan ƙarfe da na ado da aka binne manyan da su. Babu gini a wurin, amma shi ne tushen sarautar Katsina kafin birnin da muke ciki, kuma har yau Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani.

A yashi ka sa giya ta biyu, ka riƙe wuta daidai ba ƙari ba ragi, ka janye jikinka baya, kada ka taɓa birkin gaba ko kaɗan, shi ke kayar da mutane. Inda ya yi zurfi mai goyo ya sauka ya taka. Wasu na sace iskar taya don ta kama ƙasa, to kaɗan dai, in ta yi laushi da yawa taya za ta zame a kan rim ta yage bakin tif, kuma wannan ba ya facuwa. Kada ku ajiye babur a ƙarƙashin aduwa ko farar ƙaya don neman inuwa. Ƙayar aduwa tana shiga taya ta karye a ciki, iska ba za ta fita nan take ba sai kun yi nisa. In kun yi faci, ku shafa cikin tayar da tsumma a hankali ku zaro ƙayar, in ba haka ba sabon tif ɗin ma zai huje.

Daga Mani ku haura Mashi ku kama titin Daura. Maganar tsaro kuwa, wannan ɓangaren na gabas ya fi na yamma kwanciyar hankali, duk da haka gwamnatin jiha ta sha kafa dokar taƙaita hawa babur da dare da hana sayar da mai a jarka. Ku tambayi ofishin 'yan sanda mafi kusa abin da ke aiki a makon da za ku tafi. Takardun babur, lamba, lasisi da katin shaida su kasance a jikinku, a shingen bincike ku rage gudu tun daga nesa ku buɗe fuska. Kafin magariba ku kasance cikin gari.

Badauri

Sannunku da zuwa tun kafin ku iso. Gyara ɗaya zan yi wa lissafin: in za ku bi ta Mani, ba za ku shigo Daura ba sai wajen azahar, lokacin an tashi daga zaman fada. Don haka ko ku kwana a Daura ku ga fada washegari da hantsi, ya zama kwana uku, ko ku bar Durɓi ta Kusheyi sai wata tafiyar. Ni dai shawarata ku kwana, gaggawa ba ta dace da garin nan ba.

Da la'asar ɗin ku je Kusugu, tana cikin gari kusa da fada, an kewaye ta da gini, akwai mai kula da ita. Zai ba ku guga ku ja ruwa da kanku, ku sha in kuna so, ku ba shi abin goro. Nan ne aka ce macijiya mai suna Sarki ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, ya je ya kashe ta da dare, Sarauniya Daurama ta aure shi. Ku leƙa bakin rijiyar da kyau kafin ku fara hoto.

Fada ma ta ofishin Majalisar Masarauta ake neman izini, kuma ladabin ɗaya ne da wanda Malam ya faɗa. Abin da ya bambanta Daura shi ne gidan da ke mulki na Haɓe ne. Bayan jihadi sarakunan sun fita, zuriyarsu ta zauna a Zango da Ɓaure, sai da Turawa suka zo suka dawo da Malam Musa daga Zango ya hau gadon Daura. Muhammadu Bashar ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, Mai Martaba Umar Faruk Umar ya gaje shi. Saboda haka in mai ya rage muku da sauran rana, Zango na nan gabas ba nisa, ita ce ragowar labarin. A cikin fada ku ɗaga kai ku dubi daurin guga na soraye, yadda aka jera azara aka ɗaure kamar baka aka lulluɓe da laka har rufi ya tsaya ba ginshiƙi a tsakiya, ku kuma taɓa kaurin bangon ku ji sanyinsa da tsakar rana.

Ku kauce wa ranar Lahadi in za ku iya, ranar kasuwar Mai'aduwa ce, manyan motocin shanu na cika hanyoyin da ke kewaye da Daura, kuma ba sa ganin babur. Lokacin Sallar Gani da hawan Magajiya garin ya fi kyau, amma masauki na wuya kuma ba mai sararin zagayawa da baƙo cikin fada. Don ganin gini a natse, tsakanin Nuwamba da Janairu ya fi, ranar Talata ko Laraba, ku zo da rigar sanyi da tabarau saboda hazo, fitila kuma a kunne ko da rana.