Wane irin farin ciki ne falsafar yoga take ganin yana ɗorewa?

Ɗalibar falsafa: Assalamu alaikum. Ina karatu a kan tunanin mutanen Indiya na da, kuma na lura cewa littattafan yoga ba su ɗauki jin daɗi a matsayin abu ɗaya ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda kowane daɗi yana gushewa, da wane ma'auni suke tantance wanda ya cancanci a nema? Ina roƙon masu ilimi su taimaka mini.

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam, malama. Ki duba babi na 18 na Bhagavad Gita, ɗaya daga cikin littattafai masu tsarki na addinin Hindu, baiti na 36 zuwa 39, inda abin bautarsu Krishna ya shaida wa jarumi Arjuna cewa jin daɗi iri uku ne. Akwai wanda farkonsa kamar guba yake, amma ƙarshensa garɗi, domin yana zuwa ne bayan doguwar horar da kai, kuma tushensa natsuwar hankali. Wanda ya fara zaman tattara tunani ya san wannan sarai: gwiwoyi suna ciwo, baya yana tsami, zuciya tana guje-guje, kuma sai an daɗe ana haƙuri kafin a ɗanɗani natsuwar. Akwai kuma wanda ake samu idan ido ko harshe suka haɗu da abin da suke so, farkonsa zaƙi, ƙarshensa guba. Na uku shi ne na barci da kasala da sakaci, wanda ke ruɗar mutum tun daga farko har ƙarshe. Ma'aunin, a fahimtata, shi ne halin da daɗin ya bar mutum a ciki bayan ya wuce.

Mai bincike: Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai Patanjali, mai littafin Yoga Sutra, ya fi haka tsanantawa. A babi na biyu, jumla ta 15, ya ce ga mai basira komai wahala ne, saboda abubuwa suna sauyawa, mai su yana cikin fargabar rasa su, kuma kowane daɗi yana barin tabo a zuciya wanda ke sa a sake nemansa. Shi ya sa ya lissafa kwaɗayin da ke biyo bayan jin daɗi cikin cututtuka biyar na zuciya. Duk da haka, a jumla ta 42 ya ce wadatar zuci tana kawo farin cikin da babu wanda ya fi shi, kuma wannan jumla ce ta fi kama ni, domin ya sanya wadatar zuci cikin abubuwan da ake aikatawa kullum, tare da tsafta da juriya da karatu.

Tsohon ɗalibi: Malama, ki kiyaye da wani bambanci da ake yawan tsallakewa. Ƙarshen tafiya a wurin Patanjali shi ne kaibalya, wato ruhi mai gani ya rabu da duk abin da yake gani, kuma bai siffanta wannan matsayi da ni'ima ba. Masu bin Bedanta, wata makarantar falsafar Hindu, su ne suke cewa ni'ima ita ce ainihin ruhi, suna dogaro da Taittiriya Upanishad, ɗaya daga cikin tsoffin littattafansu masu tsarki, wadda ta jera matakan ni'ima, kowane mataki ya ninka na ƙasansa sau 100. Idan kika haɗa makarantun biyu a rubutunki, sai ki fayyace wace ce take magana a kowane wuri.