Karenmu ya ciji yaron maƙwabta, kuma ban san ko allurarsa ta yi ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana. Muna zaune a wata sabuwar unguwa a bayan garin Zariya, gidaje jefi-jefi. Bara sau biyu ɓarayi suna haura mana katanga. Zuwan farko suka kwashe tumaki uku, har da tunkiyar da na saya da kuɗin adashina, na biyu suka ɗauke janareta. Shi ne maigida ya karɓo ɗan kwikwiyo wurin abokinsa. Ni ban so ba, surukata ma ta yi ta faɗa, sai da ya ce mata don gadi ne sannan ta yi shiru. Wani mai babur da ke zagayawa yana yi wa awaki allura shi ya yi masa tasa, ta rigakafin haukan kare. To jiya da yamma yaron maƙwabta ya shigo ɗaukar ƙwallo, karen ya cafke shi a ƙafa. Babansa ya ce sai an kashe karen. Ga magena kuma, kusa da shi take cin abinci. In sake kai shi allura ne, ko ta farko ta isa? Wallahi ban runtsa ba.

Uwar Biyu: Subhanallah. 'Yar uwa kina ta zancen kare, yaron fa? Ya yi jini? An kai shi asibiti?

Mai Gonar Kaji: Hajiya ki saurare ni da kyau. Allurar da za a yi wa kare yau ba ta amfanar yaron da aka ciza jiya. Da a take ne, a wanke ciwon da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15. Yanzu ma a wanke, a kai shi asibiti YAU a fara masa allurar cizon kare. Ba sau ɗaya ake yi ba, akwai ranar farko, ta 3, ta 7, sauran kuma su za su rubuta muku. Ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a.

Mai tambaya: Ai ba wani babban ciwo ba ne, haƙori biyu ne kawai. Mamansa ta shafa masa man zafi. Kuma karenmu lafiyarsa lau, ba ya fita sai da dare.

Mai Gonar Kaji: Da daren da wa yake haɗuwa? Kin bi shi? Mai babur ɗin nan ya ba ku katin shaidar allura? A kula ya ɗauko allurar da ƙanƙara, ko daga aljihu? Wannan allura in ta sha rana ta zama ruwa. Ni ko ta kaji ba na karɓa sai na taɓa na ji sanyi. Kuma watansa nawa lokacin? Sai kwikwiyo ya kai wata uku ake yi masa, a sake duk shekara.

Ɗan Farauta: Ku dai kuna son wahalar da mutane. Shekara talatin ina da karnuka. A yanki gashin karen a ƙona, a shafa tokar a ciwon, shi ke nan. Haka muka taso.

Mai Gonar Kaji: Baba da girmanka, amma toka ba ta kashe ƙwayar cutar nan. Waɗanda suka warke, galibi karen ne dama ba ya da ita.

Maman Mage: Ni takaicina masu allurar nan na bogi. Wani ya karɓi kuɗina ya yi wa maguna huɗu, bayan sati biyu ƙananan suka kama zawo, biyu suka mutu. Na kira shi har na gaji, ya toshe lambata. Allah ya isa. Mage ma tana kamuwa fa, ki kai taki.

Ma'aikaciyar Jinya: Kada a kashe karen. A ɗaure shi kwana 10, a ba shi ci da sha, a lura ko zai fara dalalar miyau, ko cizon duk abin da ya gani, ko ƙin abinci. Amma yaron ba zai jira kwana goman ba, a fara masa yanzu. Ku da kuke Zariya ga asibitin koyarwa na dabbobi na ABU, ku je su duba karen, su ba ku kati. Allurar karnuka ma a Vom ake yin ta, kusa da Jos.

Abu Hanan: Tun farko me ya kai musulmi ajiye kare a cikin gida?

Uwar Biyu: Malam an halatta na gadi da na kiwo da na farauta. Ba wannan aka tambaya ba.

Mai tambaya: Kati kam bai ba mu ba, amma mutumin kirki ne, duk unguwa shi ke yi musu, ba a taɓa jin wani abu ba. Maganar asibiti kuma, in na je na ce su kai shi, kamar na amsa cewa karenmu mahaukaci ne, kuɗin kuma kanmu zai dawo. Dama ba ma shiri da matar tun rigimar magudanar ruwa.

Mai Gonar Kaji: To ku biya mana! Karenku ne. Ko tunkiya ce ki sayar.

Mai tambaya: Tumakin da aka sace? Maigida yana Kaduna, sai Juma'a zai dawo. Zan jira shi mu yi shawara. Na gode.

Ma'aikaciyar Jinya: Yau Talata fa, Hajiya. Ki kira shi a waya.

Maman Mage: Don Allah wa ya san nawa ake yi wa mage a ABU ɗin?