Me za mu kira "vasodilation" da Hausa?

Jama'a, a taimaka mini. Ina shirya 'yar takardar bayani da za a riƙa karanta wa 'yan uwan marasa lafiya a nan Jos kafin a shiga da mutum ɗakin tiyata, sai wannan kalma ta tsaya mini a maƙoshi. Abin da ake son faɗa shi ne, wasu alluran barci, musamman furofofol, farar nan mai kama da madara, suna sa jijiyoyin jini su yi faɗi, awon jini, wato ƙarfin bugunsa, ya sauka. Na rubuta "kumburin jijiya", na soke. Me kuke gani?

— Gara da ka soke, Malam. Ka ce wa Bahaushe kumburi, ai ƙari ko ƙurji zai hango. Ka sa "buɗewar jijiya".

— Buɗewa kuma? Sai a ɗauka da a toshe take. A ɗakin tiyata nake aiki, bari in faɗi abin da ke faruwa. Bangon jijiyar jini yana da tsoka, kuma kullum tsokar a ɗan ɗame take, saboda saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika mata. Furofofol yana rage wannan saƙo, sai tsokar ta saki. Jini ya taru a jijiyoyin da suka yi faɗi, wanda ke komawa zuciya ya ragu, abin da take turawa shi ma ya ragu. A ƙa'ida in awo ya sauka zuciya kan ƙara gudu ta cike giɓin, to maganin yana dakushe wannan ma. Shi ya sa tsoho, ko wanda ya zubar da jini, ko mai gudawa da ruwan jikinsa ya ƙare, ba ma tura masa maganin duka a lokaci ɗaya. Kaɗan-kaɗan, ga ƙarin ruwa a rataye, ido a kan na'ura.

— Sista, ai kin ba mu kalmar ba ki sani ba: saki. Duk mai lambun kabeji a Bukuru ya san wannan. In ya matse bakin tiyo da yatsa ruwa ya yi nisa, in ya saki sai ya zubo a gindin ƙafarsa, alhali ruwan bai ragu ba.

— Sakin jijiya? Allah ya sa ba saki uku ba ne.

— Kai dai ba ka rabo da tsiya. Ni damuwata "jijiya" ce. Da ita muke kiran ta jini, da ta saƙon ƙwaƙwalwa, har da agara. Ka ce "sakin jijiya" kawai, wani ya ji kamar shanyewar ɓarin jiki ake nufi. Dole a cika: sakin jijiyar jini.

— Haka ne, Baba. Kishiyarsa kuma tsukewar jijiyar jini. Amma Malam, kada takardarka ta yi wa magungunan barcin kuɗin goro. Ketamin, da muke yawan amfani da shi, galibi ɗaga awo yake yi, ya ƙara bugun zuciya. Midazolam da diyazefam ba sa kada awo sosai su kaɗai, sai in an haɗa su da masu kashe zafi masu ƙarfi, nan kuma numfashi ne abin tsoro. Sannan ka kiyayi "jininsa ya yi ƙasa". Wallahi ranar da na faɗa wa wata tsohuwa haka, 'ya'yanta uku suka naɗe hannun riga za su ba da jini. Sun ɗauka ƙarancin jini ne.

Na gode, Sista, na gode, Baba. Ga yadda na rubuta: "Allurar kan jawo sakin jijiyar jini, sai ƙarfin bugun jini ya sauka na ɗan lokaci. Jinin bai ragu ba." Gobe zan karanta wa mahaifiyata, in ji abin da za ta fahimta.