Neman Shawara: Abin Tunawa da Ma'aikatan Jinya da Ungozomomi

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ƙungiyarmu ta ɗora mini sakatariyar kwamitin da zai sa a sassaƙa abin tunawa a harabar asibitinmu, domin girmama ma'aikatan jinya da ungozomomi, musamman waɗanda suka rasu a bakin aiki. Kanmu ya rabu biyu: wasu suna son mutum-mutumin tsohuwar shugabarmu, wasu kuma sun ce addininsu bai ba su damar sa hannu a siffar mutum ba. Me ya kamata mu sassaƙa, kuma ta ina ake fara neman masassaƙi?

Amsar wata tsohuwar ungozoma:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ku bar maganar siffar mutum ɗaya, domin aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne, kuma duk wadda kuka zaɓa sai an sami mai cewa wata ta fi ta cancanta. Ko a Landan, da aka kafa mutum-mutumin Mary Seacole, wata mai jinya 'yar Jamaica, a harabar asibitin St Thomas a 2016, sai da wasu masu kishin Florence Nightingale, wadda ake ɗauka uwar aikin jinya na zamani, suka yi ƙorafi, saboda a wannan asibitin ne Nightingale ta buɗe makarantar jinya a 1860. Kayan aikinmu sun isa su yi magana: fitila ta wakilci masu jinya, sannan ƙahon nan da muke ɗorawa a cikin mai juna biyu mu saurari bugun zuciyar jariri, wanda likitan Faransa Adolphe Pinard ya ƙirƙiro, ya wakilci ungozomomi. Ina roƙonku kada ku manta da wannan na biyun, domin sau da yawa ana ambaton jinya a bar ungozoma a baya, alhali a hannunta kowa ya fara numfashi. Ku zana sunayen mamatan a jikin dutsen da izinin iyalansu, ku kuma bar fili a ƙasa, tunda ba a gama rasuwa ba.

Amsar wani mai aikin sassaƙa:

Hajiya, kada ku kira masassaƙi kafin ku rubuta buƙatarku a takarda: wurin da za a kafa, girmansa, abin da kuke so mai kallo ya ji, da iyakar kuɗin da kuke da shi. Daga nan ku gayyaci mutum uku ko huɗu, ku biya kowannensu ladan yin ƙaramin samfuri, sannan ma'aikata su gani da idonsu kafin kwamiti ya yanke hukunci. Tagulla tana daɗewa amma tana son a riƙa shafa mata kakin zuma lokaci-lokaci, dutse mai tauri kuwa ba ya neman kulawa sosai. A yarjejeniya a fayyace biyan kuɗi kashi-kashi, da wanda zai ɗauki nauyin harsashi da dako da gyara, domin a nan ne ake yawan samun saɓani.

Amsar wani jami'in gudanarwa na asibiti:

Ƙanwata, ku karɓi izinin hukumar asibiti a rubuce kafin ku tara ko sisi, kuma kada ku sa ranar buɗewa tun yanzu. Mutum-mutumin Seacole ya ci shekara 12 ana neman kuɗi, abin tunawa da matan da suka yi hidima a yaƙin Biyetnam kuwa, wanda ma'aikaciyar jinya Diane Carlson Evans ta faro a 1984, sai a 1993 aka buɗe shi a Washington. Idan aiki ya kammala, ku buɗe shi a cikin makon da ke tsakanin 5 ga Mayu, ranar ungozomomi ta duniya, da 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya.