Rajistar tankin mai na saman ƙasa: a ina takarda ke maƙalewa?

Mai Sito: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Waɗanda suka saba da rajistar tankin fetur ko dizal da ake girkewa a saman ƙasa, don Allah me hukuma ke nema, kuma me ya fi sa a dawo wa mutum da takardunsa?

Injiniyan Tanki: Wa alaikumus salam. Kowace ƙasa da ƙa'idarta: wani wurin hukumar kashe gobara ce ke riƙe da rajistar, wani wurin ta muhalli, wani wurin sai ka bi duka biyun. Amma tambayoyin kusan ɗaya ne: mai tankin, inda yake, lita nawa yake ci, me za a zuba, wa ya ƙera shi, a wace shekara, bisa wane ma'auni. Sai taswirar filin mai nuna tazara daga tanki zuwa gini, iyakar fili, titi da magudanar ruwa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lissafin girma. Cikin tanki ake ƙirgawa, ba man da ke ciki ba. Tanki mai cin lita 10,000 sunansa ke nan ko da lita 2,000 kake zubawa. Kuma akan haɗa duk abin da ke filin. A Amurka, idan jimillar ta haura galan 1,320, kusan lita 5,000, kuma man zai iya gangarawa ruwa, dole a rubuta tsarin hana malala, har duro mai galan 55 yana shiga lissafin.

Mai Walda: Injiniya ya faɗi gaskiya, bari in ƙara da farantin bayanai, ɗan ƙarfen nan da masana'anta ke liƙawa a jikin tanki. Mai dubawa can yake fara nufa. Zai ga lambar ma'aunin da aka bi wajen ƙera tankin: UL 142 idan tankin ƙarfe ne da aka gama a masana'anta, UL 2085 idan mai rigar jure wuta ne, API 650 idan babba ne da aka haɗa a fili. Masu fenti sukan shafe shi, lambar ta ɓace, shi ke nan sai an nemo takardun asali ko a sake gwaji. Ku rufe shi da tef kafin fenti. Kuma don Allah kada a tono tankin da aka yi don binnewa a ɗora shi a sama. Ba shi da mafitar gaggawa ta fitar da tururi idan wuta ta kama, ba shi da ƙafafun da za su ɗauke shi.

Hajiya Mai Bincike: Malam Mai Sito, kula da abin da ka rubuta a gurbin nau'in mai, domin a kansa aka gina sauran sharuɗɗan. Ana raba mai ne da zafin da tururinsa ke fara kama wuta. A NFPA 30, ma'aunin ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka, iyakar da ta raba mai saurin kama wuta da sauran ita ce digiri 37.8 na Salshiyas. Fetur yana can ƙasa da sifili da digiri 40 da wani abu, wato kullum a shirye yake, dizal kuwa sai ya haura 50. Saboda haka tankin da aka yi wa rajista da dizal, ranar da aka zuba masa fetur rajistar ta daina aiki: tazara ta canza, kayan lantarkin da ke kusa sai marasa tartsatsi, bututun numfashi, wato mai fitar da tururi daga tankin, kuma sai bakinsa ya kai mita 3.6 daga ƙasa, nesa da taga. Wannan sauyin da ba a sanar ba shi na fi gani, kuma shi ya fi ba ni tsoro.

Mai Sito: Na gode Hajiya. To katangar da ake kewaye tankin da ita fa?

Injiniyan Tanki: Abin da aka fi bi shi ne in mai ya malale, ta riƙe kashi 110 cikin 100 na tanki mafi girma, haka dokar Ingila ta 2001 ta tanada ga wuraren sana'a masu ajiye fiye da lita 200. Tankin lita 20,000 yana son kwarin da zai ci 22,000. Kuskuren magina shi ne su auna tsawo da faɗi da zurfi su tsaya, su manta da wurin da dakalin kankare da sauran tankuna suka cinye. Sai bawul ɗin zubar da ruwan sama: a rufe yake zama, da kwaɗo. Idan aka same shi a buɗe, katangar ado ce kawai.

Mai Duba Famfo: Kada a manta da na'urar hana ambaliya. A tanki mai bango biyu, ƙararrawa ta yi kuka a kashi 90, mai ya tsaya da kansa a 95. Sararin da ya rage ba asara ba ne: fetur yana kumbura kusan lita ɗaya a kowace dubu idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, don haka lita 10,000 da aka sauke da sanyin asuba, in zafinsu ya ƙaru da digiri 10, sun ƙara kusan lita 100. Gobarar ma'ajiyar mai ta Buncefield a Ingila, Disamban 2005, daga nan ta taso: ma'aunin tanki ya maƙale, makunnin da zai tsayar da mai bai yi aiki ba, fetur ya yi ta kwarara ta saman tanki. Shi ya sa mai dubawa ba ya yarda da "akwai na'urar", sai ya ga takardar ranar da aka gwada ta.

Hajiya Mai Bincike: Bayan an ba ka takardar ma da sauran aiki. Sayar da wurin, matsar da tanki, ƙara wani, ko daina amfani da shi, duk sai an sanar. A ajiye littafin duba na wata-wata: tsatsa a gindi, jiƙa a mahaɗar bututu, ruwa tsakanin bango biyu, gidan zanzaro a bakin bututun numfashi. Wanda aka daina amfani da shi kuwa sai an kwashe man, an kore tururin, an toshe bututun, kafin a nemi cire shi daga rajista.