Fizgar jiki a yara: wa ya gwada horon ɗabi'a ta bidiyo?

Uwa daga Kaduna: Salamu alaikum iyaye. Yarona ɗan shekara tara ne, tun yana aji ɗaya yake ƙyafta ido da gyaran murya, yanzu har da fizgar wuya. Dangi sun ce iska ce, wasu sun ce ganganci. Likita ya ce ciwon Turet ne, mai sa fizga da fitar da sauti ba da son mutum ba, a fara da horon ɗabi'a kafin ƙwayoyi. Masu horon kuwa ba sa kusa da mu. Wa ya taɓa yi ta waya?

Uba daga Kano: Hajiya, mun yi, tsarin da ake kira CBIT. Da farko an koya wa 'yata gane ɗan ƙaiƙayin da take ji a wuya kafin fizgar ta zo. Da ta ji shi sai ta ɗan sunkuyar da haɓa, ta ƙarfafa tsokar wuyanta har abin ya lafa. Na gyaran murya kuwa numfashi ne a hankali ta hanci. Bai tafi duka ba, amma yanzu tana iya zaman Islamiyya. Ki jingina wayar nesa kaɗan don a ga kafaɗunsa, ki kuma tanadi isasshen data, domin in hoto yana yankewa mai horon ba zai ga motsin ba.

Uwa daga Ingila: Namu daban ne, 'yar'uwa. Darussa ne a intanet, yaro na koyon jure ƙaiƙayin ba tare da fizga ba, yana ƙara lokaci kaɗan-kaɗan. Masu bincike na Jami'ar Nottingham sun gwada irinsa na mako 10 a kan yara 224, sakamakon ya fito a 2021, kuma ya taimaka. Amma gaskiya rabin aikin na uwa ne. Makon da ban zauna da shi ba, ko buɗe darasin ba ya yi.

Ɗaliba 'yar shekara 17: Mama, ni ce mai ciwon. Na fi sakewa a ɗakina fiye da layin asibiti inda ake kallona. Don Allah ku daina ce masa "bari!". Duk tsawar da aka yi min sai abin ya ƙaru. Nawa ya fi tsanani ina shekara 11, yanzu ya ragu sosai.

Uwa daga Kaduna: Allah ya saka da alheri. Alhaji, malaman makarantarta fa, kun yi musu bayani ne? Nasa sun riga sun fara dukansa.