Sabon tankin ruwan gishiri, sati nawa kuka jira kafin ku saka kifi?

Baban Yara: Salam jama'a. Yau kwana 9 da na haɗa tanki mai lita 150, awon gishirin ruwan ya tsaya a 1.025, ruwa garau kamar ka ɗiba ka sha, yara sun hana ni sakat wai ina kifin. Don Allah waɗanda suka taɓa yi ku ba mu labari.

Mai Tarwaɗa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kar garau ɗin nan ya ruɗe ka, amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, ba ta da kala. Ni da nake ganin na ƙware tunda ina kiwon tarwaɗa, kwana 4 kacal na saka kifi biyu irin masu ruwan lemo da farin zanen nan, kafin Juma'a sun koma saman ruwa suna haki, duka suka mutu, kuɗi kuwa kar ka tambaya. Ashe sai bakteriya sun zauna a duwatsu da yashi tukunna, wasu su mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu kuma su mayar da shi naitiret mai sauƙi. Karo na biyu ɗanyen jatan lande ɗaya na jefa ya ruɓe don ya ba bakteriyar amoniya, ɗakin ya yi wari uwargida ta yi ta mita, sai a sati na 5 gwajin amoniya da naitirait ya nuna sifili.

Hajiyar Jidda: Ni amoniyar kwalba na ɗiga har 2 ppm (kashi 2 cikin miliyan), na ƙara bakteriyar kwalba ta kamfanin Fritz, sati 3 na gama. Amma fa ban yarda ba sai da na sake ɗigawa na ga cikin awa 24 amoniya da naitirait duk sun koma 0. Wajen sati na biyu wani gansakuka ruwan ƙasa ya lulluɓe yashi na ɗauka na ɓata komai, ashe da kansa yake tafiya.

Ɗan Sabon Gari: Nawa matsalar wuta ce wallahi, an ɗauke kwana biyu cur famfo bai juya ruwa ba, naitirait da ya fara sauka ya sake hawa, sati 7 na yi, dole na ja layi daga inbata. Ga zafin Afrilu, ruwa ya kai digiri 31 alhali 25 zuwa 26 ake so, na kafa masa fanka, ruwa ya dinga ƙafewa ni kuma ina cikawa da ruwan gishiri, sai ga awo ya haura 1.030. Gishiri ba ya bin tururi malam, ruwan RO zalla, wato tataccen ruwa marar gishiri, ake ƙarawa.

Baban Yara: Na gode ƙwarai. Yanzu na gwada, ruwan gwajin naitirait daga shuɗi-shuɗi ya koma shanshanbale sosai, wato ya yi yawa, amoniya 0.5. Hajiya idan ya sauka kashi nawa kika canza na ruwan?

Hajiyar Jidda: Kusan rabi saboda naitiret ya taru, sannan kifi biyu kawai na fara sakawa, sauran sai bayan sati biyu.